Mene ne labarin tsoro mai sanɗa?

A adabin Ingilishi akwai wani rukunin ƙagaggun labarai da ake kira quiet horror, wato labarin tsoro mai sanɗa. Babu dodo mai fiƙa, ba a yanka kowa a gabanka. Ƙofa ce za ta rufe kanta, ko a ji ƙwanƙwasa da tsakar dare, marubucin kuma ya ƙi faɗa maka ko fatalwa ce ko hankalin mai labarin ne ya fara gushewa. An fi jingina sunan ga Charles L. Grant, marubuci ɗan Amurka da ya fara fitar da jerin littattafan tarin labaran tsoro mai suna Shadows a 1978, amma salon ya girme shi nesa ba kusa ba.

A ganina salon ya fi kaifi a hannun mata masu rubutu kan macen da aka danne. Dalili kuwa, wadda ba a yarda ta ɗaga murya ba, labarinta ma ba zai zo da ihu ba. Fushin da ta haɗiye shi ke dawowa yana buga bango.

Dubi The Yellow Wallpaper na Charlotte Perkins Gilman, 1892. Matar da ke cikin labarin mai jego ce, mijinta likita ya killace ta a ɗakin bene wai ta huta, ya hana ta rubutu. Ba duka, ba zagi, kullum da lallashi yake mata magana, kuma nan ne abin tsoron yake. Tun tana ƙura wa takardar adon bango ido har ta fara ganin wata mata a bayan zanen tana neman fita. Gilman ta ɗanɗana wannan da kanta: a 1887 likita Silas Weir Mitchell ya ɗora ta kan hutun dole, ya ce kada ta ƙara riƙe alƙalami.

Shirley Jackson ta ƙara zurfafa abin a The Haunting of Hill House, 1959. Tauraruwar littafin, Eleanor, mai shekara 32, ta ƙarar da ƙuruciyarta tana jinyar uwa har shekara 11, ko ɗakin kanta ba ta da shi a gidan 'yar'uwarta. Da ta shiga Hill House, gidan da kowa ke gudu, sai ta ji karon farko akwai inda ake kiran sunanta. Da abokan zamanta suka ce ta tafi don lafiyarta, sai ta doki bishiya da mota tun ba ta fita harabar ba.