Waiwaye: Asalin Gardamar Rarrabe Jinsunan Furen Bango

Har gobe masana tsirrai ba su daidaita ba a kan yawan jinsunan Erysimum, dangin da ake kira furen bango. Wasu suna tsayawa a wajen 150, wasu kuma suna kai lissafin kusan 350. Tazarar nan ba ƙarama ba ce, domin da suna ake saka tsiro cikin jerin waɗanda doka ke karewa, da suna kuma ake cire shi. Da yawa suna ɗauka binciken ƙwayoyin halitta na shekarun nan ne ya tayar da ƙurar, alhali maganar ta girme shi nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya raba waɗannan 'yan'uwan kabeji gida biyu, Cheiranthus da Erysimum. A 1769 wani masanin, Crantz, ya mayar da furen lambu mai ƙamshi daga Cheiranthus zuwa cikin Erysimum, ya zama Erysimum cheiri (E. cheiri a taƙaice), amma masu lambu suka ci gaba da tsohon suna har ƙarni na 20. Hujjar rabuwar ba ta taka kara ta karya ba: a Cheiranthus bakin da ke karɓar garin fure a tsage yake gida biyu, a sauran kuwa kusan a dunƙule.

Launin fure ba ya raba gardama, tunda galibin jinsunan rawaya ne ko ruwan lemo, kowanne da kunnuwan fure huɗu. Gashin jikin ganye da na kwanson iri ake dubawa da gilashi mai ƙara girma sau 20. Wani gashin reshe biyu gare shi, a kwance, maƙale ta tsakiya. Wani uku, wani huɗu ko biyar kamar tauraro. Sai kwanso: shafaffe ne ko mai kusurwa huɗu, ya miƙe sama ko ya baje gefe. E. cheiri yana shekaru a raye, gindinsa ya yi itace, kunnen furensa ya kai santimita 2, gashinsa mai reshe biyu, yana fitowa a tsofaffin ganuwa da tsagin dutse. E. cheiranthoides ɗan shekara ɗaya ne na gonaki da bakin rafi, kunnen furensa milimita 3 zuwa 5 kacal, gashin ganyensa yawanci mai reshe uku. E. repandum kuwa kwansonsa a baje yake, sandar da ke riƙe da shi ta kusa kai shi kauri. Waɗannan ukun ba su da wuya. Wahalar tana kan duwatsu.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne aikin da Sven Snogerup na Jami'ar Lund a Suwidin ya wallafa a 1967 kan furen bango na tsibiran Girka. Kafin nan, yawancin sunaye an raɗa su ne daga busassun tsirrai manne a takarda, sau da yawa reshe ɗaya mai fure, babu nunannen kwanso, babu cikakken bayanin wurin da aka tsinko shi. Snogerup ya bi tsirran har inda suke rayuwa, a jikin miƙaƙƙun duwatsu inda awaki ba sa iya kai baki. Ya tarar suna zaune ne rukuni-rukuni, kowane rukuni ɗan kaɗan, teku ko kwari ya raba shi da na kusa da shi. Ya ɗebi iri ya shuka, ya ƙirga kuromosom, wato zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta, sannan ya yi barbara tsakanin rukunai. A aikin ne ya bayyana jinsuna irin su E. naxense na tsibirin Naksos, da E. rhodium na Rodos, da E. candicum na Kirit.

Darasin da ke ciki ya fi sunayen nauyi. Tsirran nan na Girka suna da kuromosom 12, kuma waɗanda siffarsu ta bambanta suna karɓar barbarar juna idan an haɗa su. Ke nan nisan wuri ne ke tsare iyakarsu, ba ƙin juna ba. A ƙaramin rukuni da ya daɗe a keɓe, siffa tana iya kafuwa bisa sa'a kawai, ba don tana da wani amfani ba, har dutse ɗaya ya fitar da kamannin da babu a na gaba. Wanda ya ga busasshen reshe daga nan da wani daga can zai rantse jinsi biyu ne. Wanda ya jera goma daga duwatsun tsakani zai ga siffar tana sauyawa sannu a hankali. Daga nan ne ma ake kyautata zaton E. cheiri na lambu ruwa-biyu ne da ya samo asali daga waɗannan na Girka. A ganina, da an ɗauki wannan hanya a sauran yankuna tun lokacin, da an rage rabin gardamar yau.

Irin wannan matsala ta bayyana a Amurka ta Arewa, inda aka daɗe ana cakuɗa E. capitatum na yamma da E. asperum na filayen tsakiya, duk da cewa kwanson na farko yana kallon sama, na biyu kuma ya baje. A Kalifoniya, wani nau'in E. capitatum da ke rairayin garin Antioch kaɗai ya shiga jerin masu fuskantar ɓacewa a 1978, kuma mazauninsa na cikin abin da ya bambanta shi. Binciken da aka wallafa a 2020 kan jinsuna 48 ya nuna dangin ya yaɗu ne cikin hanzari a 'yan miliyoyin shekarun baya, shi ya sa iyakokin ba su gama ƙwari ba.

Don haka mai son tantancewa ya jira kwanso ya nuna kafin ya tsinka, ya haɗa da ganyen gindi, ya duba tsirrai da dama a wuri guda maimakon ɗaya. Ya rubuta tsayin wurin sama da teku, da irin ƙasar, farar ƙasa ce ko rairayi, da ko gindin ya yi itace. Samfurin da ba shi da waɗannan, sai dai a tsaya a sunan dangi.