Yadda ake shirya kayan nunin ɗinki a Katsina: tambayoyi da amsoshi

Daga ina mai tsara ɗinki yake farawa?

Daga abu guda ɗaya tak. Kayan nuni, wato waɗanda za a sa a yi tafiya da su a dandamali gaban masu kallo, ba ragowar ɗinkin Sallah ba ne da za a kwaso daga shago a jera. Dole mai kallo ya gane cewa uwarsu ɗaya. Wani zai ɗauki launin ƙasar hasumiyar Gobarau, wani alkyabba da rawanin mahaya a Ƙofar Soro ranar hawa, wani ja da koren rigar dogarai. A zaɓi guda, a tsayar da launi uku, iyaka huɗu. Sai a yi ta zane, a tace, a bar kaya 12 zuwa 15. Wannan ya ishi nunin minti goma.

Zane ne a gaba ko yadi?

Tare suke tafiya, amma yadi ne mai yanke hukunci. Shadda mai sitati tsayawa take yi, ba ta bin jiki, don haka bubun da aka zana yana kwarara ba zai fito da ita ba. Turmin atamfa yadi 6 ne, leshi 5, babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa a lissafa yadi 10. A sayi duk abin da ake bukata lokaci guda, da rarar yadi ɗaya a kowane launi, domin in aka koma Kantin Kwari a Kano bayan wata biyu, da wuya a sami ruwan launin nan daidai. Saƙi da rinin baba a wanke su kafin almakashi ya taɓa su: saƙi yana tsukewa, rini yana zuba. Kafin a haɗa rini da fari, a jiƙa ƙyalle a goga a kan farin. In ya bar shuɗi, kada a haɗa.

Me ya sa ake fara ɗinkawa da akoko?

Saboda kuskure a kan akoko arha ne, a kan shadda asara. Nan ne masu gaggawa suke faɗuwa, kuma abin takaici ne a ga yadi mai tsada ya lalace don ƙyashin kwana biyu. A ɗinka samfurin, wanda zai sa a dandamali ya saka, ya yi tafiya, ya juya, ya ɗaga hannu. Siket ɗin da ya yi kyau a tsaye yana iya hana taku. Sai a buɗa ƙasan ko a sa tattara a baya. Hammata in ta matse, duk rigar sama take hawa. A yi alama da alli, a warware samfurin, a yanka ainihin yadin da shi, a bar inci ɗaya a gefe don gyara.

Aikin wuya da na gaba fa?

Shi ake fara bayarwa. Aska takwas ta hannu tana cin makonni, wani lokaci watanni, mai aikin kuma ba a azalzalarsa. Aikin keke ya fi sauri, amma yana tattare yadi mara kauri in ba a sa masa shafi a baya ba. Wata uku zuwa huɗu ne lokacin da ya dace a ware wa shirin gaba ɗaya, kuma a kauce wa azumi, lokacin da kowane tela yake fama da ɗinkin Sallah.

Me ya fi ɓata nuni a ranar?

Fitila da canjin kaya. Yadin da ya rufe jiki a shago yana iya nuna komai a ƙarƙashin haske mai ƙarfi, don haka a gwada kowane kaya da fitilar wurin, wanda ya nuna a sa masa shafi. Kowane kaya a rataye shi da lambarsa, da takalminsa, da hularsa ko ɗankwalinsa. A ɗaura gwaggwaro tun kafin a fara. Wanda zai fito sau biyu a bar aƙalla mutum biyar tsakanin fitowarsa, kuma a ajiye tela ɗaya a bayan labule da allura, zare da zif na ko-ta-kwana.