Ƙashi ba busasshen icce ba ne

Mutane da yawa na ɗaukar ƙashi tamkar busasshen icce, wai maɗori ne ke haɗa shi in ya karye. Daidaita shi kawai maɗori ke yi, jiki ne ke ɗinke karayar. Jini ke fara taruwa ya daskare a wurin, sannan ƙwayoyin asali na cikin ɓargo, wato ƙwayoyin halittar da ke iya rikiɗa su zama ƙashi, su hayayyafa su gina sabon ƙashi. Masanin kimiyya Alexander Friedenstein ne ya gano waɗannan ƙwayoyin a Mosko wajajen 1970.

A ɗakin bincike, inda ake rainon ƙwayoyin, an daɗe ana ciyar da su da ruwan jinin ɗan tayin saniya. Yanzu ana gwada na mutum, ruwan nan mai launin ɗorawa da ke tsatsowa bayan jini ya daskare, don gudun kwaso cutar dabba, kuma a ganina hakan ya fi dacewa.