Sunayen Gelik na Wurare da Mutanen Tarihi

Gelik dangin harsuna uku ne: na Ayalan, na Sukotland da na tsibirin Man. Galibin sunayen garuruwa, duwatsu da koguna a Ayalan da arewa maso yammacin Sukotland daga cikinsu suka fito, sai dai rubutun Turanci ya kama amon sunayen ya bar ma'anarsu a baya.

Mutanen zamanin da sukan raɗa wa wuri suna da abin da idonsu ya gani. Dublin daga Dubh Linn yake, wato baƙin tafki, amma masu harshen suna kiran birnin Baile Átha Cliath, garin mashigin ruwa da aka shimfiɗa wa saƙaƙƙun itatuwa. Belfast kuwa Béal Feirste ne, bakin mashigin yashi. Sunan da ya fara da Inver galibi yana nuna inda kogi ke zuba, shi ya sa Inverness, Inbhir Nis, ke zaune a bakin kogin Ness. Kil sau da yawa majami'a yake nufi, kamar Kildare, Cill Dara, majami'ar itacen oak.

Yawancin rubutun Turancin da ke kan taswirar Ayalan ya zauna ne a aikin awon ƙasar da gwamnatin Birtaniya ta fara a 1824. Masani John O'Donovan ya bi ƙauyuka yana tambayar dattawa yadda suke furta sunayen, abin da ya ceci asalin dubban su daga ɓacewa.

Sunayen mutane nasaba suke bi. Mac ɗa ne, kamar yadda Bahaushe ke cewa ɗan wane. Ó jika ne ko zuriya. Mace kuma takan ɗauki Ní ko Nic. Dangin O'Brien suna jingina kansu ga Sarki Brian Bóruma, wanda aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. Gráinne Ní Mháille, shugabar jiragen ruwa da ta gana da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a 1593, ita ce Turawan Ingila suka mayar Grace O'Malley. Sunan Malcolm, da sarakunan Sukotland huɗu suka ɗauka, asalinsa Máel Coluim ne, bawan Colm Cille, malamin Kirista da ya kafa gidan ibada a tsibirin Iona a 563. Abin lura, Mac Bethad, sarkin da ya yi mulkin Sukotland daga 1040 zuwa 1057, sunan yanka ne mai ma'anar ɗan rai, ba nasaba ba; mahaifinsa Findláech ne.

Maganar suna a wannan yanki ba ta rabuwa da siyasa. A 1920 aka daina kiran wani gari da ke kusa da Dublin da sunan Kingstown, aka koma Dún Laoghaire. Garin Doire da ke Ayalan ta Arewa kuwa, da aka liƙa wa sunan Landan a 1613, har yau masu kishin Ayalan Derry suke ce masa, masu goyon bayan Birtaniya kuma Londonderry. A Sukotland, dokar harshen Gelik ta 2005 ta ƙarfafa sa sunayen asali a allunan hanya da tashoshin jirgin ƙasa.