Garkuwar jiki ma tana da mai tsawata mata

Jama'a, kusan kullum sai an tambaye mu maganin ƙara garkuwar jiki. Amma akwai marasa lafiyar da garkuwar tasu ce ta juya tana yaƙar jikin da ya kamata ta kare.

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai rukunin da ake kira ƙwayoyin T, waɗanda ke kammala girma a wani ɗan ƙullutu bayan ƙashin ƙirji. Yawancinsu mayaƙa ne. 'Yan kaɗan kuwa aikinsu tsawatarwa, kamar mai unguwar da ke hana 'yan banga dukan ɗan gida. Suna fitar da sinadaran da ke kwantar da kumburi, suna kuma shanye sinadarin da mayaƙan ke buƙata don su yawaita. Da taimakonsu hanji ke karɓar abinci ba rigima, mahaifa kuma ta riƙe ɗan tayi alhali rabin halittarsa daga uba ne.

Shimon Sakaguchi na Japan ne ya gano waɗannan ƙwayoyi masu tsawatarwa a 1995. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell a Amurka suka gano ƙwayar gado mai suna FOXP3, wadda daga baya aka tabbatar ita ke juya akalarsu. Idan ta lalace, jariri namiji kan kamu da gudawa mai tsanani, ƙuraje da ciwon suga tun yana goye. Su ukun suka samu kyautar Nobel ta likitanci a 2025.

Idan garkuwa ta afka wa jiki, ana ganin alama. Mace ta tashi da asuba yatsun hannayenta biyu sun kumbura sun sandare, ta kasa murɗa marfin kwalba sai rana ta ɗaga, kuma mako da makonni haka. Ko ƙuraje su shimfiɗu a kumatu da karan hanci, su tsananta in an shiga rana, gashi na zuba. Wannan ba jifa ba ne, a zo asibiti a yi gwajin jini kafin gaɓoɓi ko ƙoda su lalace.

Abin da ya fi damuna shi ne sayen magungunan kumburi irin su prednisolone ko dexamethasone a kemis. Suna danne garkuwa gaba ɗaya, ciwo ya lafa, amma suga da hawan jini su tashi, tarin fuka ya samu ƙofa. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke lokaci guda, ya zo likita ya rage masa sannu a hankali.