Bargon yara mai gida-gida na saƙar kwarashi

Bargon yara mai gida-gida bargo ne da ake saƙawa da kwarashi da zaren ulu ko na auduga. Ana saƙa ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowane da launukansa, sannan a haɗa su su zama bargo guda. A Amurka da Ingila ana kiran irin wannan gida da sunan "granny square", wato "murabba'in kaka" (kaka uwar uwa ko uwar uba).

Tarihi

Saƙar kwarashi ba ta daɗe kamar yadda ake zato ba. Akwai masu danganta asalinta da ƙasashen Larabawa, ko Sin, ko Kudancin Amurka, amma babu hujjar da ta tabbatar da ko ɗaya. Abin da ke a rubuce shi ne, a farkon shekarun 1820 wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé ta buga bayanin yadda ake yin ta. Sana'ar ta yi ƙarfi a Ailan lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, inda mata da yara suka riƙa saƙa leshi da kwarashi ana sayarwa a waje, iyalai da dama suka samu abin kaiwa bakin salati da shi.

Shi kuwa salon gida-gida, mafi tsufan bayaninsa da masu bincike suka gano ya fito ne a jaridar manoma ta Prairie Farmer a Amurka, a 1885, daga wata mata da aka ambata da Misis Phelps. Wajen 1897 irinsa ya bayyana a littattafan ɗinki na kamfanin Weldon a Ingila. Ba mamaki mata sun daɗe suna yin sa kafin a kai ga bugawa, domin dabara ce ta tattali: gida ɗaya ba ya cin zare da yawa, saboda haka guntayen da suka rage daga wasu ayyuka, ko zaren da aka warware daga tsohuwar rigar sanyi, duk suna da amfani. Daga nan launuka barkatai na bargon suka samo asali, kuma su ne kyansa. Ana cewa ya ƙara yaɗuwa lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930. A shekarun 1970 ya zama abin yayi, har riguna da jakunkuna ake yi da shi, lokacin da zaren roba na akirilik, wanda kamfanin DuPont ya fara sayarwa wajen 1950, ya wadata da araha cikin launuka masu haske.

Yadda ake saƙa shi

Daga tsakiya ake farawa. A yi sarƙa (madaukan zare masu shiga juna a jere) huɗu ko biyar a haɗa bakinsu su zama zobe, sai a saƙa dogayen saƙa uku-uku har rukuni huɗu a cikin zoben, ana raba su da sarƙa biyu ko uku, waɗanda su ne kusurwoyi. A kowane zagaye na gaba, kwarashi na shiga ramukan da ke tsakanin rukunan, kusurwa kuma ta samu rukuni biyu don gidan ya kwanta sosai. Yawanci a ƙarshen zagaye ake sauya launi. Masu saƙa da yawa kan yi zagayen ƙarshe na dukkan gidajen da launi ɗaya, fari ko baƙi, don ya tattara sauran. Idan gida ya kai santimita 10, bargo mai faɗin santimita 80 da tsawon 100 zai ci gidaje 80. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne haɗa gidajen da ɓoye bakin zaren da allura, kuma a bargon yaro ba a wasa da wannan, don bakin zare da bai ɗauru ba yakan warware a wanki.

Likitocin yara na Amurka sun ba da shawarar kada a bar jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya ya yi barci da bargo a sake a shimfiɗarsa, saboda haɗarin toshe masa numfashi. Ramuka masu faɗi ma suna iya kama yatsunsa.

Aikin agaji

Tun da kowa zai iya saƙa gida ɗaya ya aika, salon ya dace da aikin gayya. Ƙungiyar Knit-a-Square, wadda aka kafa a 2008, tana karɓar gidaje masu santimita 20 daga ƙasashe daban-daban, a haɗa 35 su zama bargo ga marayu da yara marasa galihu a Afirka ta Kudu. A Amurka, ƙungiyar Project Linus tana raba barguna na hannu ga yara marasa lafiya tun 1995.

A ƙasar Hausa

Mata na saƙa hula da safa da rigar sanyi da shawul na jarirai da kwarashi, musamman gabanin hunturu, kuma ana koyar da saƙar a cibiyoyin koyon sana'a na mata.