Don Allah a Daina Sa Yara Barci da Magani

Ranar Litinin da ta wuce, ko share ɗakin awo ba mu gama ba, sai ga wata yarinya ta faɗo a guje da ɗanta a hannu, ko goyo ba ta tsaya yi ba. Ɗan wata tara ne. Jikinsa ya saki laƙwas, kai yana lilo, baki a bushe. Na kira sunansa, na tafa hannu kusa da kunnensa, bai motsa ba. Sai da na danna farcensa da ƙarfi sannan ya ɗan janye hannun, ya yi wani kuka siriri, ya koma.

Na ce, "Me kika ba shi?" Ta ce ba komai. Na sake tambaya, ta ce Panadol ne kawai. Na kama hannunta na ce, "Ƙanwata, dubi girman Allah ki gaya mini gaskiya. Ba wanda zai kama ki, ran ɗanki muke nema." Sannan ta zaro kwalba daga cikin hijabi tana hawaye. Ashe biki ake yi a gidansu, kwana biyu tana kan murhu, yaron kuma ya ƙi kwanciya sai rigima. Wata goggonta ta ce ta ɗan ba shi cokali ɗaya ya yi barci, ta samu ta yi aiki. Ta ba shi, bai yi ba. Ta ƙara. Da muka yi gwajin jini sai ga zazzaɓin cizon sauro. Wato duk kukan da yake yi na ciwo ne, aka rufe masa baki da kwalba har cutar ta samu kwana guda tana cinsa. Mun tura su babban asibiti, kuma Allah ya sa yana da sauran shan ruwa.

Ba ita ce ta farko ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Na gaji da ganin kwalbar nan tana fitowa daga jaka bayan an gama rantse mini ba a ba yaro komai ba. Mai tuyar awara tana bayarwa don ta samu ta fita da sassafe. Mai tafiya a mota tana bayarwa don kada yaro ya dami fasinjoji. Mai zuwa gidan suna tana bayarwa kafin ta bar shi a hannun 'yar raino. Lokacin yaye kuwa abin ya fi muni: an kai yaro wajen kakarsa, yana kukan nono da dare, sai a ɗura masa. Wata Piriton take bayarwa, wata Phenergan, wata sirof ɗin tari, wata abin da ake kira maganin haƙori. Na ma taɓa samun wadda ta ɓantari ƙwayar D5 ta mijinta ta jiƙa a cokali. Haba jama'a! Ƙwayar da take kayar da ƙato?

Iyaye mata, ku saurare ni. Abin da yaro yake yi bayan an ba shi maganin nan, ku daina kiransa barci. Barcin da Allah ya halitta yana da ƙofa a buɗe. Yaro yana cikinsa, amma in yunwa ta taɓa shi zai farka, in zani ya rufe masa hanci zai juya kai ya tsala ihu, in zazzaɓi ya taso zai yi mutsu-mutsu har ki ji. Ƙwaƙwalwarsa tana gadinsa ko da ido a rufe yake. Su waɗannan magunguna kuwa ƙwaƙwalwar suke shiga su danne abin da yake riƙe mutum a farke. Sai ya zama mai gadin ne kika bugar. Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa, to wannan na kwalba ya fi kusa da yayan.

Kuma ba ni kaɗai nake faɗa ba. Fiye da shekara goma sha biyar ke nan da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan maganin promethazine, wato wanda ke cikin Phenergan, cewa kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba, domin an samu yara da ya danne wa numfashi har suka rasu. A 2017 hukumar ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara 12 ba kodin ko tiramadol, kuma mai shayarwa ma ta guje su, saboda suna bin ruwan nono. Mu nan Najeriya, a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa sirof ɗin tari mai kodin. Amma har yau ina ganin kwalabe marasa lambar NAFDAC, wasu ma takardar jikinsu ta goge, an sayo a tire a kasuwa, rana ta gama dukansu. Kun manta da My Pikin? Maganin haƙorin nan da aka samu guba a cikinsa a ƙarshen 2008, yara 84 suka rasu a ƙasar nan, ƙodarsu ta daina aiki. A 2022 a Gambiya yara kusan 70 suka tafi ta hanyar gurɓataccen sirof, kuma ɗaya daga cikin kwalaben huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansu promethazine ne. Ke da kike ɗura wa lafiyayyen yaro sirof don kawai ya yi shiru, kin san abin da ke cikin kwalbar?

Ga abin da ya fi ƙona mini rai a matsayina na ma'aikaciya. Jariri ba ya magana. Ba zai ce mini kansa ke ciwo ko wuyansa ya sanƙare ba. Babban abin da nake dubawa in gane ko yana cikin haɗari shi ne hayyacinsa. Idonsa yana bin fuskar uwarsa? In na danna shi, yana kai hannu ya ture wurin, ko janyewa kawai yake yi, ko ma ba ya motsi? Kukansa na ƙarfi ne ko nishi ne? Waɗannan abubuwa uku su ne ma'aunin da likitoci suka tsara a birnin Blantyre na ƙasar Malawi tun 1989 don yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, ana ba da maki daga 0 zuwa 5, kuma da shi ake aiki a asibitocinmu. A cikin alamomin haɗari da aka koya wa kowane ma'aikacin lafiya kuma akwai yaron da ya yi laushi ko ya fita hayyacinsa, tare da jijjiga, da kasa shan nono, da amayar da duk abin da ya ci.

To ki ce mini, in kin riga kin bugar da shi da magani, ta yaya zan bambance? Yaron da ke gabana ba ya buɗe ido. Zazzaɓi ne ya hau kansa? Sanƙarau ne? Sukarin jininsa ne ya sauka? Ko kuwa cokali biyun da kika ba shi da asuba ne? Kin ɗaure mini hannu. In kuma kin ɓoye mini, kin ɗaure har ƙafa. Ita uwar ma haka abin yake rufe ta: tana ganin yaro ya yi shiru tana cewa alhamdu lillahi ya samu sauƙi, alhali doguwar suma yake gangarawa. Nawa aka kawo mana da la'asar waɗanda da an kawo su da safe da labari ya sha bamban? A damina cizon sauro, a bazara sanƙarau, dukansu ba sa jiran a gama biki.

Sannan yaron da aka bugar ba ya tsotso. Awa shida, awa takwas yana kwance bai kama nono ba, ga maganin yana busar da baki, ga zafin garinmu. Ruwan jikinsa ya ragu, maɗiga ta faɗa, sukari ya sauka. Ke kuma nononki ya fara ja baya tunda ba a ja. Bayan wata biyu ki zo awo ki ce mini yaro ba ya ƙiba, in ba ki maganin cin abinci. Wani abin kuma da mutane ba su sani ba: wasu yaran maganin nan birkita su yake yi. Maimakon su kwanta sai su ƙara firgita, su yi ta fizge-fizge. Uwa ta ga haka ta ce bai kama shi ba, ta ƙara cokali. Nan ne ake yin kisan kai ba da niyya ba.

Na san kin gaji, 'yar'uwa. Wallahi na sani. Ni ma na yi goyo, na san daren da za ki yi ta jijjiga yaro har kiran assalatu, gari ya waye ga wanke-wanke, ga ɗiban ruwa, ga abincin 'yan makaranta, ba mai karɓar miki. Ban ce ke muguwa ba ce. Mafi yawan waɗanda nake gani suna son 'ya'yansu kamar ransu, wani ne ya ce musu ba komai. Amma ina so ki san cewa farkawar jariri da dare ba cuta ba ce da za a nemar wa magani. Cikinsa ƙarami ne, nono kuma ba ya daɗewa a ciki. Barcinsa guntu-guntu ne, kusan duk bayan awa guda yana tasowa sama-sama, wani lokaci ya koma da kansa, wani lokaci ya neme ki. A watannin farko bai ma san dare da rana ba, sai a hankali jikinsa yake koya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana buƙatar barcin awa 14 zuwa 17 a yini da kwana, ɗan wata 4 zuwa 11 awa 12 zuwa 16, ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14. Amma fa a tattare ne da na rana, ba a jere ba. In ɗanki yana shan nono, yana fitsari, yana wasa, awonsa yana hawa, to barcinsa yana isarsa ko da ke bai ishe ki ba.

Yanzu bari in juyo kanku, iyaye maza, don ba za ku tsira ba. Sau da yawa in na matsa wa mace da tambaya, ƙarshenta sai ta ce, "Maigida ne ya ce in san yadda zan yi da shi, ya hana shi barci." Wani ma shi da kansa yake biyawa kemis ya sayo. Malam, ɗanka ne fa. In kukansa ya dame ka, tashi ka saɓa shi a kafaɗa ka zaga tsakar gida, uwar ta runtsa ko na rabin awa ne. Ba abin kunya ba ne. In ba za ka iya ba, to aƙalla kada ka tsawata mata har tsoro ya kai ta ga kwalba. Ku ma iyayenmu kakanni, Inna, Hajiya, da girmanku nake roƙonku. Maganarku ce ake ji a gida fiye da tawa. In kun ce a bayar za a bayar, in kun ce a bari za a bari. "Ai duk haka muka yi renonku" ba hujja ba ce, don waɗanda ba su tashi ba ba sa nan balle su ba da shaida.

Masu kemis kuma, ku ji tsoron Allah. Mace ta zo ta ce a ba ta abin da zai sa jariri barci, kai kuma ka miƙa mata saboda 'yan canji. Ba ka tambayi watanninsa ba, ba ka ga yaron ba. Piriton yana da aikinsa, na ƙaiƙayi da borin jini, kuma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi wanda za a ba da yadda za a ba shi. Ba a yi shi don reno ba. Ka ce mata ta kai shi asibiti, ba za ka talauce ba.

To me za ki yi in ya ƙi barci? A gurguje:

Ki taɓa jikinsa. In da zafi, asibiti, a yi gwaji, ko da tsakar dare ne.
Ki ba shi nono, ki ɗaga shi ya yi gyatsa.
Ki duba ƙunzugu, ki duba ko zafi ne ya ishe shi ko sauro ko ƙuraje. Ki rage masa kaya.
Ki goya shi ki yi ta zagaye, ki yi masa 'yar waƙa. Goyo ya fi kowane sirof.
Da rana a fito da shi ya ga haske, da dare a rage fitila da hayaniya, a ɗauke waya daga fuskarsa.
Ki kwantar da shi rigingine a cikin gidan sauro, ba matashi, ba tarin zannuwa kusa da fuskarsa.
In ya yi barcin rana ke ma ki kwanta, wanki ya jira. Ki nemi mai karɓar miki, ba gazawa ba ce.
In za ki yaye shi, a hankali, ki riƙa rage masa, kada a raba shi da nono da uwa a dare ɗaya.

In kuwa an riga an ba shi, kika ga barcin ya yi nauyi, ba ya farkawa in an taɓa shi, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko leɓensa ya canja launi, kada ki ce bari ya sake shi tukuna. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, zai shaƙe ya tafi huhu. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, kada a yi masa hayaƙi. Ki kwantar da shi ta gefe, ki ɗauko shi yanzu-yanzu. Ki taho da kwalbar ko kwalin ƙwayar. Da kin shigo, tun kafin in tambaya, ki ce mini ga abin da na ba shi, cokali kaza, da ƙarfe kaza. Faɗa zan yi miki, wannan kam babu makawa, amma sai bayan na gama da yaron.